Jan Siro da Farar Ƙwaya

Arlit, 8 ga Fabrairu 1993

Ƙanena Zubairu,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan takardar nan ta same ka lafiya a Kano. Mu nan alhamdu lillahi, Mero ta shiga aji biyar, tsawo kawai take ƙarawa ban da hankali. Na ce maka ƙanena, ko da yake in za a bi zumuncin sai an taso tsofaffin Damagaram, tunda kakarka da kakata ne uwa ɗaya. Amma wanda ya shekara biyu yana cin tuwon hannuna yana cewa gishiri ya yi yawa, ba shi da wani suna sai ƙane.

Baban Mero ne ba lafiya. Ka ji dai kasuwar yuraniyom ta faɗi, kamfani ya sallami mutane a ƙarshen Satumba, har da shi, bayan shekara goma sha shida a injin niƙa dutse. An bar mana takardar shiga asibitin kamfani ta shekara ɗaya, daga nan sai yadda hali ya yi. Da farko na ɗauka ɓacin rai ne ya kwantar da shi. Sai na ga tafin hannunsa ya yi fari fat, zuwa masallacin unguwa ma sai ya huta sau biyu.

A asibiti suka soka masa allura a ƙashin ƙirji suka zuƙo ɓargo. Likitan saurayi ne daga Yamai, ba ya jin Hausa sosai, kuma ka san Faransancin yayanka bai wuce “wi shef”, wato “to, shugaba”, ba, don haka ni ce tafinta. Ya ce a cikin ɓargo ake haɗa jini, nasa kuma ba ya haɗawa daidai. Suka ƙara masa jini leda biyu. Sannan aka ba mu wasu 'yan ƙwayoyi farare, bitamin B6, ɗaya safe ɗaya yamma, wai a yi wata uku a ga ko ɓargon zai farfaɗo.

Zubairu, mutum mai ƙirar yayanka, jininsa ya ƙare, a ba shi abin da bai kai wake ba a ce ya je ya yi wata uku? Matan unguwa sun ce haka ake yi wa wanda aka sallama, a ba shi na sallama. Ni ban san gaskiya ba, amma zuciyata ba ta kwanta ba.

Hotonka da farar riga yana nan a bango, duk wanda ya zo dubiya sai ya nuna masa, ya ce ga likitan gidanmu. To likitan gidanmu, ka aiko mana da maganin ƙarin jini na gaske. Ka ba Lawan direba, mai ɗauko kayan 'yan kasuwa daga Kano. Yanzu saboda 'yan tawaye sai motoci sun taru a Agadez soja sun rako su, don haka kada ka ɓata lokaci.

Yayarka,
Lauratu

Kano, 27 ga Fabrairu 1993

Yaya Lauratu,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina yi muku barka da shan ruwa. Lawan ya kawo mini takardarki, na karanta har sau uku, hankalina ya tashi ƙwarai. Mijinki Yaya Harisu ne ya sa ni a mota da hannunsa ranar da zan taho Kano karatu, ya ce wa direba ya kula da ni. Ban manta ba, kuma ba zan manta ba.

Ki kwantar da hankalinki. Irin wannan larura kullum muna ganinta a nan, ƙarancin jini ne, maganinsa kuma sananne ne. Na ba Lawan kwali ɗaya. A ciki akwai kwalba shida na jan siron ƙarin jini, ɗan waje, cokali biyu bayan kowane abinci. Akwai kuma ƙwayoyi masu ruwan ƙasa, su ma na ƙarin jini ne, masu sinadarin ƙarfe. Ƙarfe shi ne tushen jini, duk wanda ya yi karatun nan ya san haka. Ki haɗa masa da hanta da zoɓo, in da hali a dama masa tumatirin gwangwani a madara.

Game da fararen ƙwayoyin nan, ba na son in soki abokin aiki daga nesa. Sai dai bitamin kowa ma yana iya bayarwa. Nan da wata guda za ki ga bambanci, in Allah ya yarda.

Ki gaishe da Yaya, ki ja mini kunnen Mero.

Naki,
Dakta Zubairu

Arlit, 10 ga Afrilu 1993

Dakta da kansa,

Mun yi salla lafiya, muna fatan kai ma haka. Kwali ya iso, kwalba ɗaya ta fashe a hanya ta rina sauran, har Mero ta yi ihu ta ɗauka jini ne. Da na ga launin nan na ce yauwa, ga magani. Yayanka yana sha yana lashe cokali, ya jera kwalaben da suka ƙare a ƙarƙashin hotonka. A makon farko har bakin titi ya fita ya zauna da abokansa. Likita zai ce jinin da aka ƙara masa ne, ni na san abin da na sani.

Bari in faɗa maka wani abu da ban sa a takardar farko ba, don kada ta yi tsawo. Ranar da aka ba mu fararen ƙwayoyin, likitan ya ɗaga yatsa ya ce kada a kuskura a ba shi wani maganin ƙarin jini mai ƙarfe, ko siro ko ƙwaya. Ban fassara wa Baban Mero wannan ba. Ina zan iya kallon mutumin da jininsa ya ƙare in ce masa an hana shi maganin jini? Da ya tambaye ni me ya ce, na ce ya ce ka riƙa hutawa.

Fararen kuwa na ajiye su, don kada magani biyu su yi faɗa a ciki. Duk wata ina zuwa in karɓo, don kada su ce mun raina su, in zuba a gwangwanin madara in rufe.

Ga sunan ciwon kamar yadda yake a takardarsu, na kwafe shi harafi harafi: anémie sidéroblastique. Kai ka san ma'anarsa, ni dai tsawonsa kawai na gani. Saura kwalba biyu, ka ƙaro mana.

Bana fari ya yi muni, makiyaya daga wajen Dannet suna shigowa gari da 'yan awakin da suka rage. Hanta tana samuwa, sai dai duk ta bushe.

Yayarka,
Lauratu

Kano, 2 ga Mayu 1993

Yaya Lauratu,

Ina gaisuwa, ina fatan jikin Yaya da sauƙi. Ni lafiya lau, aiki ne ya yi yawa.

Na ga takardarki. Wannan karon ban ba Lawan komai ba. Ina ganin ki bar batun siron nan haka, kada ki wahalar da kanki. Abin da likitan can ya ba ku ma ba laifi, tunda shi ne yake kusa.

Lawan yana sauri, zan rubuto a tsanake.

Zubairu

Arlit, 6 ga Yuni 1993

Zubairu,

Barka da salla. Mu ba mu yi layya ba bana, maƙwabta sun aiko mana, Allah ya saka musu. Jiki kuwa ba sauƙi.

Takardarka ta zo, layi biyar, ko kunnen Mero ba a ja ba. Na gane. Hidima ta yi maka yawa kana jin nauyin faɗa, shi ne ka ce kada in wahalar da kaina. Ai da ka faɗa kai tsaye, ni ba baƙuwarka ba ce. Na ɗauki kwalba ɗaya na kai wa wani Bakatsine mai tebur a kasuwa, ya ba ni irinta, har ta fi taka ja. Ba mu fasa ko kwana ɗaya ba.

Ranar Talata kafin salla muka koma asibiti, wata ukun sun cika har sun wuce. Awon jinin lafiyayyen namiji sha uku ne zuwa sama, nasa shida. Likitan ya duba takarda, sai ya ce ƙarfen da ke jikinsa ya hau fiye da yadda ƙarin jini kaɗai zai sa. Ya tambaye ni, “Madam, yana shan wani abu ban da wanda na ba shi?” Na ce ko ɗaya. Ya ce fararen fa, yana sha safe da yamma? Na ce da hannuna nake ba shi.

Mai awon jinin yana tsaye, Aghali sunansa, wani dogon Buzu daga wajen Gougaram. Don in kawar da maganar na ce wataƙila a labo, ɗakin awon jinin, aka haɗa jininsa da na wani. Ya dube ni ya ce da Hausarsa ta Buzaye, “Madam, sau biyu na auna. Jinin mijinka ne.” Likitan ya harare shi ya ce ya sake na uku. Ka san yadda garin yake yanzu, duk mai rawani irin nasu kallon ɗan tawaye ake yi masa, ko laifin da bai yi ba ma yana iya raba shi da aikinsa. Na san da haka lokacin da na buɗe baki. Har muka iso gida ban iya haɗa ido da kowa ba.

Ƙarshe likitan ya ce tunda ƙwayar ba ta yi aiki ba, ciwon irin wanda ba ya jin ta ne. Ya soke ta daga takarda. Yanzu ba abin da ya rage sai ƙarin jini duk lokacin da ya yi ƙasa, shi ma har ƙarshen Satumba.

Ka gaya mini, ƙarfen nan da ya hau ba alamar jini yana tafe ba ne? Kai ka ce shi ne tushen jini. Ka amsa mini da layin da ya wuce biyar.

Lauratu

Kano, 24 ga Yuni 1993

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Yaya Harisu. Ki karanta wannan ke kaɗai, ki karanta har ƙarshe kafin ki tsine mini.

Ki daina ba shi siron yau ɗin nan. Da nawa da na Bakatsinen da ƙwayoyi masu ruwan ƙasa, duk ki zubar. Ki koma wurin likita ki faɗa masa bai taɓa shan fararen ba.

Ni ba likita ba ne. Sau biyu na zauna jarrabawar shiga makarantar likitanci, sau biyu na faɗi. Shekara bakwai ke nan ina tsaron kemis a Fagge, ina miƙo magani daga kanta ina naɗewa a takarda. 'Yan unguwa ne suka fara ce mini Dakta, na ji daɗi ban hana ba. Farar rigar da ke hoton ta mai ɗaukar hoto ce, yana da ta soja ma, da ta alƙali.

Akwai wata Hajiya da ta yi karatun haɗa magani na gaske, da sunanta aka buɗe shagon, takan zo duk Alhamis ta duba kaya. Da takardarki ta Afrilu ta zo, na nuna mata sunan ciwon kamar ina tambaya don wani mai saye. Ta ce ba ƙarancin ƙarfe ba ne, ƙarfen yana nan har ya yi yawa, ɓargon ne ya kasa aiki da shi, ƙara masa kuwa cutarwa ce. Ta ce wasu masu ciwon wannan bitamin ɗin yana tashinsu, wasu ba ya yi, ba a sani sai an gwada. Sannan ta tambaye ni, “Ba dai ka sayar masa da tonik ba?” Na ce a'a.

Wannan ranar ashirin da tara ga Afrilu ce. Na san komai lokacin da na rubuta miki layi biyar ɗin nan. Na rubuta gaskiya sau uku ina yagawa, don duk inda na fara sai ta kai ni ga hoton da ke bangonku. Sai na zaɓi kalmomin da zan iya cewa ai na faɗa, ba tare da na faɗa ba. Na yi fatan ki gane da kanki in tsira da rigata. Yau da na karanta cewa ba ku fasa ko kwana ɗaya ba, na shiga bayan kanta na zauna a ƙasa, har mai shago ya ɗauka zazzaɓi ne.

Kunya ta hana ni magana wata biyu, mutumin da ya sa ni a mota yana can yana shan abin da na aika. Ba na roƙon gafara yanzu, ban kai nan ba. Ki dai je asibiti.

Zubairu

Arlit, 29 ga Yuli 1993

Zubairu,

Ina gaisuwa, in har yanzu gaisuwarmu tana da wuri a wajenka. Mako bakwai ba amsa. An ce an tare motoci tsakanin nan da Agadez, hanya ta rufe, ko tumatir babu a kasuwa. Ina so in yarda hanyar ce ba kai ba. Wannan zan ba wani ma'aikaci da zai bi jirgin kamfani zuwa Yamai ya jefa a gidan waya.

Ƙafafun Baban Mero sun kumbura, a zaune yake barci. Makon jiya jinin ya sauka biyar. Abokansa da suke ba shi jini duk sun koma garuruwansu, Maradi da Tawa, aka rasa mai irin nasa. Ina zaune a baranda ina kuka sai ga leda an kawo. Da na shiga labo in yi godiya, na tarar da Aghali da auduga a gwiwar hannu yana shan shayi. Nasa ya bayar. Mutumin da na ɗora wa kuskure a gaban shugabansa.

Ya ce, “Madam, zo ka gani.” Ya ɗauko gilashin da suka shafa ɓargon a kai tun Fabrairu, ya sa a madubin awonsu ya ce in leƙa. Na ga wasu ƙwallaye, kowanne da ɗige-ɗige shuɗaye sun kewaye tsakiyarsa kamar tsakiya a wuya. Ya ce waɗannan jariran jini ne. A cikin kowanne akwai wasu 'yan ɗakuna ƙanana, mitokondiri, can ake karɓar ƙarfe a ƙera jan jini da shi. Ya ce, “Mijinka injin niƙa ya yi aiki. In injin ya tsaya, kamyo, babbar motar nan, yana ta juye dutse a ƙofa, me zai faru?” Na ce ƙofar za ta toshe. Ya ce shuɗin nan shi ne dutsen. Farar ƙwayar kuma wani ɗan abu ne da injin yake buƙata kafin ya juya, wani lokaci in an ba shi da yawa sai ya tashi. Ya girgiza kai ya ce kaico da bai tashi ba.

Bakina ya buɗe zan faɗa masa gaskiya, sai na ji na ce masa Allah ya saka da alheri, na fito.

Na rage siron zuwa cokali ɗaya. Ban daina ba, don in na daina na yarda ke nan da hannuna na yi masa wannan. Gwangwanin yana nan a bayan tukwane, ina tsoron taɓa shi, ban ƙara yarda da kaina ba. Kai ka yi karatu. In ka ce Aghali ya yi daidai, zan je in faɗa ko da ƙasa za ta haɗiye ni. Saura wata biyu takardar asibiti ta ƙare.

Lauratu

Arlit, 22 ga Agusta 1993

Zubairu,

Muna nan da rai. An buɗe hanya, Lawan ya iso shekaranjiya. Takardarka ta kwana hamsin da wani abu a aljihun motarsa, duk ta sha baƙin mai. Na karanta a tsaye a ɗakin girki, har ƙarshe kamar yadda ka ce.

Na so in tsine maka, har na fara. Sai na tuna wanda ya ji likita da kunnensa ranar da ya ɗaga yatsa ba kai ba ne.

Jiya da safe na ɗauki gwangwanin da sauran siron duka a buhu na tafi labo. Na juye ƙwayoyin a kan teburin Aghali, ɗari da tamanin, ko ɗaya ba ta yi ciwon kai ba. Na ce, “Ba ka yi kuskure ba. Ni na yi ƙarya.” Ya dube su, ya dube ni, ya sa hannu ya tattara waɗanda suka gangara. Ya ce, “Tashi mu je.” Da ya zage ni da na fi jin daɗi.

Muka je wurin likitan na faɗa masa komai, ya cire tabarau. Sannan ya sa aka kawo Baban Mero, ya ce daga yau Aghali ne tafinta, ni in zauna in saurara. Amma kafin nan, ya ce, in faɗa wa mijina da Hausa abin da ya faɗa ranar farko. Ni da nake rubuta wa rabin matan unguwa takarda, ni da nake gyara wa malamin Mero Faransanci, na tsaya a gaban mutum uku na fassara layi ɗaya bayan wata shida.

Yayanka ya saurara har na gama. Ya ce, “Lauratu, da kin faɗa mini, wallahi ni ma jan zan zaɓa. Amma da ni na zaɓa.” Tun jiya yana amsa mini magana kamar kullum, ni ce na kasa zama kusa da shi.

An ba mu sababbin ƙwayoyi, ya fara jiya da yamma, Mero ce take miƙa masa. Sati biyar da 'yan kwanaki suka rage maimakon wata uku. Likitan ya ce bai yi alkawarin komai ba.

Na karanta masa takardarka duka, ban tsallake ko kalma ba. Na daina tsallakewa.

Lauratu

Kano, 8 ga Satumba 1993

Yaya,

Ina gaisuwa. Takardunki biyu sun zo a mako ɗaya.

Na faɗa wa Hajiya gaskiya, ta wanke ni tas a gaban masu saye, na tsaya na sha. Sannan ta nuna mini bitamin ɗin. Yana nan a shagonmu, a kantar ƙasa kusa da inda nake jingine tsintsiya, shekara bakwai ina wuce shi don ba wanda yake tambaya.

Me Yaya ya ce da ya ji? Ki faɗa mini ko mene ne. Kuma don Allah ki sauke hoton nan.

Zubairu

Arlit, 27 ga Satumba 1993

Ƙanena,

Sallama. Mero tana gaishe ka, ta ce kunnenta yana nan ba wanda ya ja.

Yau aka yi awon ƙarshe. Tara. Ba a ƙara masa ko ɗigo ba tun Yuli, ɓargonsa ne ya yi da kansa. Aghali ya fito da takardar yana dariya, ban taɓa ganin haƙoransa ba sai yau. Ya ce injin ya tashi.

Na yi hamdala, sannan na fita bayan asibitin na yi kukan da ban yi ba ko ranar da jinin ya sauka biyar. Ka gane ko? Da ba ta yi aiki ba, da sai mu ce ai ko an ba shi tun Fabrairu duk ɗaya ne. Ta yi aiki. Tana bayan tukwanena wata shida tana jira. Likitan ya ce zuciyarsa ta gaji da tura jinin da ba shi da kauri, ta buɗe, kuma ba ta cika komawa yadda take ba. Zai rayu in Allah ya so, zai je masallaci, amma ba zai ƙara ɗaukar abin da ya fi buta nauyi ba. Wannan ni da kai muka yi, kuma nawa ya fi yawa.

Ka tambayi abin da ya ce. Kwana uku da karanta masa takardarka na ɗauko kujera zan sauke hoton, ya ce in bar shi, rigar ce ta aro, yaron nasa ne. Kwalaben da ke ƙarƙashinsa dai ya sa Mero ta kwashe ta kai bola.

Ranar Alhamis takardar asibiti za ta ƙare. Likitan ya ce ƙwayar nan ba a daina ta, wataƙila har ƙarshen ransa, in an tsaya injin zai sake tsayawa. Ya ba mu ta wata ɗaya. A Arlit in ba a asibitin kamfani ba, ba ta samuwa, masu tebur ja kawai suke kawowa tunda shi muke saye.

Saboda haka ka durƙusa a kantar nan ta kusa da tsintsiya. Na sa takardar likitan a cikin wannan, ka nuna wa Hajiya ta duba da idonta. Ka aiko na wata huɗu a tafi ɗaya, don hanya ba ta da tabbas, kuma ka riƙa lissafin kwanakin da kanka kada ka jira in tuna maka. Kada ka ƙara komai a kwalin, ko alewa in ja ce. In ya iso ba ni zan buɗe ba, Aghali zan kai wa.

A bayan kwalin ka rubuta Zubairu kawai, ban da Dakta. Yayanka ya ce in gaya maka yana jira.

Yayarka,
Lauratu